Kati Biyu Gare Ni, Wa Zai Ɗauki Gawata?

Zuwa ga Malam Liman na Masallacin Gindin Mangwaro, da Malam Liman na Masallacin Bene, da dattawan kwamitocinku duka biyu, a nan unguwarmu ta New Bell, Duwala.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Allah gafarta Malamai. Ina kuka kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya jama'a, yaya muka ji da ruwan nan da ba ya ɗaukewa? Allah Ya sa na albarka ne.

Ni ce Asabe, wadda kuke ce wa Inna Asabe mai wanka, matar marigayi Ɗanjuma mahauci, ta lungun masu gawayi. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Ina faɗa ne da baki, Hajara 'yar ƙanwata, mai aikin buro, wato ofis, a wani kamfani can unguwar Bassa, tana rubutawa. Na ce mata ta sa yadda na faɗa, kada ta gyara mini baki. Ita kuma ta ce in za a yi wa manya takarda sai an jera magana, ta ɗaya, ta biyu, ta uku. To zan jera iyakar iyawata. Za a manna kwafi ɗaya a ƙofar kowane masallaci don kada wani ya ce na kai ƙararsa wurin ɗan'uwansa a ɓoye. Ni ban taɓa yi wa malami magana ba sai a durƙushe. Amma abin da nake tsoro ya fi wannan girma, shi ya sa na daure.

Ta ɗaya, godiya.

Wallahi ban zo da faɗa ba. Duk wanda ya ce muku Inna Asabe na jin haushin an yi masallaci biyu a unguwa, bai faɗi gaskiya ba. Ni dai na ga alheri. Lokacin da Gindin Mangwaro ne kaɗai, mu mata a waje muke salla, kan buhu, in an yi ruwa kwata ta shigo har inda muke sa goshi. Ba wanda ya yi mugunta, haka aka tarar, haka aka bari. Da aka gina Bene aka yi wa mata ɗaki da tayil da fanka, wata uku ba a yi ba sai ga Gindin Mangwaro an rufa mana kwano, an shimfiɗa darduma mai laushi, har da labule. Bene suka haƙa foraj, wato rijiyar burtsatse, ruwa kyauta ga kowa. Gindin Mangwaro suka haƙa nasu, suka ƙara da famfo huɗu. Ni da nake sayen ruwa bidon-bidon, wato jarka-jarka, tun zuwana garin nan, yanzu ga ruwa dama, ga ruwa hagu. Bene suka kawo likitan ido, shi ya cire mini yanar da ta rufe idona na dama. Gindin Mangwaro suka kawo mai awon jini, da shi na san ashe jirin da nake yi ba aikin iska ba ne. Azumin bara shinkafa da sukari sun shigo ɗakina ta hanya biyu, har na aika wa maƙwabta.

Kuma a Bene ne, ajin tsofaffi na ranar Asabar, aka gyara mini Fatiha. Shekara nawa ina karanta ta da tuntuɓe ban sani ba. Wannan ko shi kaɗai aka yi mini, ban isa in biya ba. Lasifika kuwa, wasu na kuka wai ta yi yawa, wannan ya ƙaro biyu, wancan ya ƙaro uku. Ni kunnena ya yi nauyi, sai yanzu nake jin kiran salla sarai, kuma sau biyu. In na makara a na farko, na biyu ya tashe ni. Allah Ya saka muku da alheri.

Ta biyu, abin da na sani game da kasuwa.

Hajara ta ce kada in haɗa masallaci da kasuwa, za ku ji ba daɗi. Na ce ta rubuta, ni abin da na sani ke nan, kuma ba raini ba ne. Na yi shekara fiye da talatin ina toya ƙosai a bakin hanya kafin gwiwa ta hana ni. Da ni kaɗai ce a wurin, ƙosaina ƙanana ne, gyara kuwa sai na ga dama. Ranar da wata Babarbariya ta kafa kaskonta a tsallaken hanya, ranar ƙosaina ya yi girma, yajina ya ƙara daɗi, na koyi yi wa mai saye murmushi tun da sassafe. Ita ma haka. Masu saye suka ci riba, mu ma ba mu faɗi ba, don jama'a ta ƙaru, wurin ya yi suna. Saboda haka da na ga kuna tsere, wannan ya yi, wancan ya fi shi, na gane abin, kuma ban ga laifinsa ba. Tseren alheri ne.

Ba mu kaɗai ba ne ma. Maƙwabciyata Mama Roz, 'yar ƙabilar Bassa ce, Kirista, tana sayar da makala, irin fankensu, a bakin lungu. Ta ce su nasu ya fi namu zafi. Duk shagon da aka tashi, kafin wata ya fita an mai da shi coci. Wannan ya aiko mota ta ɗauki mutane kyauta ran Lahadi, wancan ya ce shi nasa da abinci bayan addu'a, wani ya ce shi yake samo wa matasa aiki a Bassa. Ta canja coci uku tun da na san ta, kuma kowanne da ta bari sai sun yi ta sintiri ƙofarta. Muna dariya tare, tana ce mini mu tsofaffi yanzu mun yi tsada.

Amma ga abin da nake so ku ji. Duk shekarun da na yi da Babarbariyar nan, ban taɓa ce wa mai saye, in ka taɓa ƙosanta kada ka sake zuwa wurina ba. Ita ma ba ta taɓa ba. Ran da maina ya ƙare a tsakiyar tuya, wurinta nake aikawa. Ran da ta haihu, ni na toya nata na sayar mata. Akwai inda tsere yake tsayawa, ko a bakin hanya.

Ta uku, yadda na yi kati biyu.

Kun san binne mutum a Duwala ba kamar arewa ba ne, inda za a ɗauka a kafaɗa a kai bayan gari. Nan maƙabarta ta yi nisa, sai da mota, sai an ratsa cunkoson mahaɗar Ndokoti. Ga zafi, ga laima, gawa ba ta jira. In an yi jinkiri sai a ce a kai firjin asibiti, mu kuwa ba mu saba a sa namu a ƙanƙara ba. Shi ya sa da Gindin Mangwaro suka sayi motar ɗaukar gawa muka yi murna ƙwarai. Sakatarensu ya bi gida-gida da littafi, ya ce duk wanda ya shiga, yana ba da ɗari biyar a wata, ran da ta Allah ta kasance akwai mota, akwai likkafani, akwai masu haƙa. Na dangwala yatsa, aka ba ni koren kati. Shekara ta zagayo Bene suka sayi tasu motar, sabuwa fil, sakatarensu ya zo da nasa littafin. Na dangwala, aka ba ni farin kati.

Ban yi don ha'inci ba, Allah Shi ne shaida. Ba wanda ya karanta mini abin da ke takardar, ba wanda ya ce ɗaya ake yi. Ni tunanina, mace irina da ba ta da namiji tsaye, gara igiya biyu da ɗaya. Mijina ya rasu. Ɗana namiji guda, Sani, ya riga ni, hatsari a hanyar Yawunde. 'Yata tana aure a Ngaundere, kafin ta ji ta hau jirgin ƙasa ta iso, kwana ya wuce. Kuma kowane wata ina kai wa kowa nasa, ban taɓa tsallakewa ba, ku tambayi sakatarorin.

Ta huɗu, dokar kati ɗaya.

Yadda labari ya iso mu mata, wai akwai wani Alhaji mai manyan motoci da ke taimakon masallatan biyu da man mota da yadin likkafani, kuma yana ba kowa gwargwadon yawan sunayen da ke littafinsa. Ya sa aka kawo masa littattafan biyu, sai ya ga sunaye da yawa sun fito nan sun fito can. Ransa ya ɓaci, ya ce ana ƙirga masa mutum ɗaya sau biyu. Ban ga laifinsa ba, ko ni ce aka sayar mini da buhu ɗaya a kuɗin biyu zan yi magana. Sai aka yi sanarwa ran Juma'a a lasifika biyu: kowa ya zaɓi ɗaya, wanda bai zaɓa ba za a soke shi duka. Ni an ce mini wa'adina ganin watan Sha'aban. Yau saura kwana tara.

Za ku ce, to Inna, ki zaɓa mana ki huta. Ku ji dalilina a magana ta gaba.

Ta biyar, Goggo Dudu.

Goggo Dudu Bafulatana ce daga Garwa, mai sayar da man shanu, ɗakinta na kallon nawa shekara ashirin da wani abu. Ita ma kati biyu gare ta, ita ma ba ta karatu. Ita ta zaɓa. A gabana ta tare sakataren Bene a bakin famfo ta ce masa ita tasu ce. Ya ce to Goggo, yana sauri, waya a kunne. Bai rubuta ba. Ban ce da gangan ba, mutum ne, ya manta. Su Gindin Mangwaro suka ji ta koma Bene, suka soke ta. Shi kuma sakataren Bene da ya zo tace littafinsa bai ga alama a gaban sunanta ba, ya ɗauka ta tsaya wancan, ya soke ta. Tana yawo da kati biyu ƙulle a bakin zane, ashe ba ta cikin littafin kowa, kuma ba ta sani ba.

Ta rasu ran Talata da hantsi, watan jiya. Ni na wanke ta. Kafin azahar na gama, na sa mata kafur, na raba gashinta uku, na naɗe ta a yadin da muka haɗa kuɗi muka saya, don da aka je karɓar likkafani aka ce babu sunanta. Aka aika Bene neman mota, aka ce ta Gindin Mangwaro ce. Aka aika Gindin Mangwaro, aka ce ai ta bar su. Malamai, na san ku ba ku ji ba a lokacin, an ce ɗayanku ya tafi ɗaurin aure can unguwar PK 14, ɗaya yana wurin karatu. Masu riƙe da makullin mota kuwa suka ce su ba su da ikon taɓa mai sai da suna a littafi.

Na zauna da ita a ɗakin nan. Kwano ya ɗauki zafi. Ina yi mata fifita, ina korar ƙuda, ina ƙara turare. Mai wanka ba ta faɗin abin da ta gani, ba zan faɗa ba. Amma na san abin da awa biyar ke yi wa mutum a zafin Duwala, kuma na ji shi da hancina a jikin ƙawata.

Bayan la'asar wani direba Babarbare da ya sauke albasa daga arewa ya ji labari, ya ce a share bayan kamiyonsa, babbar motar kayan, a sa ta. Maganar ta zaga unguwa, wai za a kai Musulma kabari a motar albasa, alhali ga motar gawa biyu a ajiye. Nan take sai ga motar Bene ta shigo lungu ta gabas, ga ta Gindin Mangwaro ta yamma. Kun san lungunmu, mota ɗaya ma da ƙyar, kwata dama da hagu. Suka tsaya hanci da hanci. Da safe ba ta kowa ba ce, da yamma kowa ya ce tasa ce. Direbobi na musu, kowa da mai ɗaukar hoto a bayansa, don an ce hoton jana'iza ake tura wa masu taimako su ga ana aiki. Sai da dattawa suka ɗaga makara sama da kai, suka raɓa da ita ta gefen mota, suka fitar da ita bakin kwalta. Alhamdu lillahi, kun iso ku biyu, kun tsaya sahu ɗaya kun sallace ta, an rufe ta kafin magariba. Na ji an ce ranku ya ɓaci, kun yi wa sakatarorin faɗa. Na gode. Amma dokar tana nan, ba a ɗage ba.

To ku gaya mini, in na zaɓa, ta yaya zan san an rubuta? Ko an buɗe littafin an sa mini a gaban ido, ni baƙi kawai nake gani kamar sawun kaji. Goggo Dudu ta bi doka, ga abin da ya same ta. Tun ranar ban sake cin abinci ya zauna mini daidai ba. Ba mutuwar nake tsoro ba, na taɓa ta da hannuna fiye da yadda zan iya ƙirgawa. Jiran nake tsoro. Ina tsoron in kwanta a ɗakin nan mata na toshe hanci da gefen mayafi suna jin kunyata, ni da na rufa wa matan unguwar nan asiri ɗaya bayan ɗaya.

Ta shida, ko da an rubuta daidai.

Wa zan bari? Gindin Mangwaro nan mijina ya yi salla shekara arba'in, nan aka sallace shi, nan aka sallaci Sani. Malam Liman, mahaifinka ne ya raɗa wa 'ya'yana suna. Bene kuwa, Malam, ka yi haƙuri in faɗa a gaban jama'a, ni na yanke maka cibiya, ni na yi wa mahaifiyarka wankan jego, kuma ni na yi mata wanka na ƙarshe, Allah Ya jiƙanta. In na ɗaga kai na gan ka kana wa'azi sai in ji kamar ni na haifa. Kuma tun da na gaji aikin nan wurin surukata, ba a taɓa buga mini ƙofa na tambaya gawar ta wane masallaci ce ba. Masu sakin hannu a salla na wanke, masu kama hannu na wanke. Ruwa ɗaya, magarya ɗaya, dama kafin hagu. In an tuɓe mutum an kwantar, ban taɓa ganin inda aka rubuta nasa ɓangaren ba.

Ta bakwai, roƙona.

Ban ce ku haɗe ku zama ɗaya ba. Ku ci gaba da tserenku, muna jin daɗinsa. Ku raba shinkafa da kati, ku raba sukari da kati, ku raba likita da kati. Ni daga bana na yafe shinkafar duka biyu, a cire sunana daga wannan, kada Alhaji ya ce an cuce shi ta kaina. In sau ɗaya yake so a ƙirga ni, a tsaga ni rabi da rabi a littafi, ban damu ba.

Abu uku kawai nake roƙo. A fitar da gawa daga cikin tseren nan. Duk motar da labari ya fara isa gare ta, ta taso, a duba littafi bayan an dawo daga maƙabarta. Na biyu, makullin mota kada ya zama sai Liman yana gari, a ba wani dattijo da ba ya tafiya ko'ina ikon cewa a tafi. Na uku, duk tsohuwa da tsohon da ba ya karatu, kada a soke sunansa sai an zo har ɗakinsa an faɗa masa a gaban shaidu biyu. Mun fi goma a lungunmu kaɗai, ni ce dai bakina ya buɗe.

Kuma ku sani, mu mata mun gama namu shirin. Tun bayan Goggo Dudu na kira Hajiya Mairo, matar ladanin Gindin Mangwaro, da Malama Zainabu mai koyar da mu a Bene. Da can gaisuwa ce kawai tsakaninsu, ita ma a tsaitsaye. Na ce musu hannuna ya fara rawa, aikin nan kuwa ba a barin sa ya mutu da mutum. Yanzu gawa uku ke nan muna wankewa tare, ɗaya na zuba ruwa, ɗaya na juyawa, ni ina nuna musu. Sun yi mini alkawari, hannunsu cikin nawa, cewa ran da tawa ta zo su biyu za su wanke ni, ba mai tambayar wata kati. Likkafanina na saya da kuɗin ƙosai tun da daɗewa, yana ƙasan akwati, Hajara ta san wurin. Saboda haka wanka an gama, sutura an gama. Abin da mace ba ta iya yi wa 'yar'uwarta shi ya rage: ɗauka, da salla, da rami. Wannan naku ne.

Ba zan zaɓa ba, Malamai. Ba taurin kai ba ne, na kasa ne. Watan Sha'aban zai tsaya ya same ni da katina biyu, ɗari biyar ɗin kowa kuma zan kai ranar da na saba. In kun yanke magana, don Allah kada ku aiko da takarda. Ku turo mutum ɗaya daga nan, ɗaya daga can, su tsaya a ƙofar ɗakina da rana tsaka, su faɗa da baki matan lungu na ji, cewa in Asabe ta mutu za a zo. In na ji wannan zan ci tuwona in ƙoshi.

Allah Ya ƙara muku ilimi da haƙuri da mu. Allah Ya cika masallatanku duka biyu har a rasa wurin sa ƙafa. Allah Ya buɗa wa Alhaji, Ya tsare motocinsa a hanya. Allah Ya jiƙan iyayenku da namu, Ya jiƙan Goggo Dudu. Inda na yi kuskure ko na ɗaga murya, ku yafe wa tsohuwa, tsoro ne. Allah Ya sa mu cika da imani, Ya sa kowannenmu ya sami masu gaggawar kai shi makwancinsa.

Wassalam.

Taku mai biyayya,
Inna Asabe mai wanka, lungun masu gawayi, New Bell.
Hajara ta karanta mini daga farko har ƙarshe, na ji, maganata ce. Ga yatsana na dangwala.